TAURA BIYU BA TA TAUNUWA: Abin Da Burmi Ke Gaya Wa Masu Buri

Wata magana ta shigo majalisun samarin garin Gombe a 'yan shekarun nan. Ana jin ta a Jekadafari da Pantami da Bolari, ana kuma jin ta a bakin ɗaliban jami'a da masu jiran aiki. Maganar kuwa ita ce, wai duk abin da mutum ya ƙulla a ransa, ya riƙa kallonsa da idon zuci safe da maraice, ya kuma kore shakka daga zuciyarsa, to lalle abin nan zai taso ya same shi har gida. In mota ce za ta zo, in kujerar ofis ce za ta zo. In kuwa aka shekara ba ta zo ba, sai a ce laifin mai burin ne, don ya bar kokwanto ya shiga tsakaninsa da rabonsa.

Wannan ra'ayi baƙo ne, ko da yake ya iya shigar 'yan gari. Tun 1937 wani Ba'amurke mai suna Napoleon Hill ya buga littafi yana koya wa mutane cewa arziki daga tunani yake farawa. A 2006 kuma wata mata 'yar ƙasar Ostareliya, Rhonda Byrne, ta fito da nata mai suna The Secret, wanda jigonsa shi ne tunanin mutum yana jawo masa abin da ya yi kama da shi, alheri ko sharri. An sayar da miliyoyin kofe, aka fassara shi cikin harsuna da yawa. Yau ga shi ya iso ta wayar hannu, an yanyanka shi gunduwa-gunduwa, wani lokaci ma har a yafa masa rigar addini.

Ba abin mamaki ba ne samari su saurara. A ɗauki yaron da ya gama karatu, ya yi hidimar ƙasa, ya komo gidan ubansa da takarda a hannu. Zuciya ɗaya tana ce masa ya zauna ya jira aikin gwamnati, kada ya zubar da girman karatunsa. Ɗayar tana ce masa ya tuɓe babbar riga ya shiga Tudun Hatsi ya koyi awon masara da wake wajen kawunsa. Yau ya kwana da niyyar tafiya Abuja ko Ikko, gobe ya dubi tsohuwarsa ya fasa. Shekara biyu, shekara uku, yana nan inda yake, bai yi kasuwa ba, bai sami ofis ba, bai kuma yi tafiyar ba. Mai irin wannan hali, duk wanda ya ce masa maganin ciwonsa yana cikin kansa, to zai ba shi kunne.

Akwai kuwa ƙwayar gaskiya a cikin maganar. Hausawa sun riga sun faɗa, taura biyu ba ta taunuwa, gudu da susar katara kuma ba su haɗuwa. Zuciyar da ta rabu biyu ba ta kai mai ita ko'ina. Amma akwai tambayar da masu wannan wa'azi ke tsallakewa: in mutum ya haɗa zuciyarsa wuri ɗaya, shi ke nan duniya ta zama baiwarsa? Mutumin Gombe ba ya bukatar littafin Amurka kafin ya sami amsa. Amsar tana kwance arewa da garinsa, cikin ƙasar Funakaye, kusa da Bajoga, a kufan wani gari da ake kira Burmi, waɗansu kuma su ce Bormi.

GARIN DA YA GAGARA

Cikin shekarun 1880 ne Malam Jibril Gaini ya kafa zamansa a Burmi, yana bin da'awar Mahadin Sudan ta hannun Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya gagari sarakunan Gombe. Sarkin Gombe Zailani ya rasa ransa a 1888 a sanadin yaƙi da shi, rundunonin da aka haɗo daga masarautun maƙwabta kuma ba su iya fasa garin ba. Ko da Umaru ya hau gadon Buba Yero a 1898, ƙasa ta riga ta jigata da yaƙi. Saboda haka da rundunar Turawan Ingila ta iso Gombe Abba a farkon 1902, bayan ta shiga Bauchi, Sarki Umaru bai tare ta da faɗa ba. Turawan suka wuce, suka kama Malam Jibril, suka kai shi Lakwaja, can ya ƙare kwanakinsa. Burmi ta ci gaba da zama da ganuwarta da mutanenta, ba ta san wani babban baƙo yana tafe ba.

Baƙon nan kuwa Sarkin Musulmi ne da kansa. Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu ya hau gadon sarauta a ƙarshen 1902, lokacin da kowa ya san Nasara na tafe, ranar isowarsu kaɗai ba a sani ba. Ƙofofi uku ne a gaban manyan Sakkwato. Ko a tsaya a yi yaƙi, ko a yi sulhu a zauna ƙarƙashin hukuncin wanda ba Musulmi ba, ko kuwa a kwashe jama'a a yi hijira gabas. Kowace ƙofa tana da malamanta da hujjojinta. Sarkin Kano Alu ya rubuta wa Waziri yana ganin hijira ce mafita. Waɗansu suna ganin barin ƙasar da Shehu ya kafa ba tare da an zare takobi ba abin kunya ne. Waɗansu kuma suna duban raunana, mata da yara da tsofaffi, suna tambaya wa zai ɗauke su.

Wannan jan zuciya zuwa gabas ba sabon abu ba ne a gidan Shehu. Wajen 1807 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu, da ya ga son duniya ya fara shiga zukatan waɗansu mayaƙa, ya bar runduna ya nufi Makka. Da ya isa Kano jama'a suka riƙe shi suna neman ya koya musu hukunci, ya rubuta musu littafin Liya'ul Hukkami, daga bisani ya komo. Watau ko shi, da iliminsa da tsoron Allahnsa, sai da zuciya ta ja shi gida biyu, tsakanin tsira da addininsa shi kaɗai da tsayawa kan nauyin jama'a.

A 1903 ba a sami sararin da Malam Abdullahi ya samu ba. Kano ta faɗi ran 3 ga Fabrairu. Ba a gama daidaita baki a Sakkwato ba rundunar Turawa ta iso, aka gwabza a filin Giginya ran 15 ga Maris. Dawaki da masu da takubba suka gamu da bindiga mai ruwa da igwa, yaƙin bai daɗe ba aka watse. A nan akwai darasi na fari, wanda ya gaskata rabin maganar samarin Gombe: shawarar da aka jinkirta, lokaci ne ke yanke ta, ba ya kuwa yanke ta yadda mai ita ke so.

WANDA YA TAFI

Bayan Giginya, Attahiru ya rufe ƙofofi biyu ya kama ɗaya. Ya nufi gabas, niyyarsa ƙasa mai tsarki. Tun da daɗewa akwai imani a ƙasar nan cewa a ƙarshen zamani jama'ar Shehu za su yi ƙaura gabas su sadu da Mahadi, dutsen Bima na ƙasar Gombe kuma yana cikin wuraren da ake ambata a wannan zance. Da labari ya bazu cewa Sarkin Musulmi ya tashi, sai talakawa suka riƙa barin gonakinsu a bakin damina suna bin sa. Garuruwa suka rage mutane, har abin ya tayar wa Turawa hankali fiye da yaƙin da suka ci. Manya ma sun bi. Akwai Etsu Nupe Abubakar, da Sarkin Misau Ahmadu, da Magajin Keffi Ɗan Yamusa wanda Turawa ke nema saboda kashe Kyaftin Moloney a 1902, da Alfa Hashim na dangin Alhaji Umaru Futi, wanda shi da jama'arsa sun riga sun gudo daga hannun Faransa.

In ana neman zuciyar da ta haɗu wuri ɗaya, ga ta nan. Mutum ya bar fada, ya bar Hubbaren Shehu, ya bar duk abin da sarki ke taƙama da shi, ya hau hanya da rani da damina, ana binsa ana kai masa hari. Ya aika wa Turawa takarda cewa shi ba yaƙi yake nema ba, hanya yake so ya wuce. Ba wanda zai ce wannan bawan Allah bai kalli burinsa da idon zuci safe da maraice ba, ko kuwa ya bar shakka ta shige shi. Dubban mutane kuma suna tare da shi a kan buri guda, da addu'a guda.

Tafiya ta kawo su Burmi. Ran 13 ga Mayu wata rundunar Turawa ƙarƙashin Kyaftin Sword ta kai wa garin hari, mutanen Burmi suka kore ta. Turawa suka sake shiri, suka tattaro soja daga wurare dabam-dabam, suka komo ran 27 ga Yuli, 1903. Aka wuni ana faɗa. Shugaban rundunar, Manjo Marsh, kibiya mai dafi ta kashe shi. Amma kafin rana ta faɗi an fasa garin, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa, Magajin Keffi yana cikinsu. Kabarinsa yana nan Burmi har yau, masu ziyara na zuwa. Makka kuwa bai gan ta ba.

To sai a tambayi mai wa'azin wayar hannu: shin tunanin Attahiru ne ya jawo masa bindiga mai ruwa? Duk wanda ya tsaya a kufan Burmi ya san amsar. Niyya komai ƙarfinta tana tafiya ne cikin duniyar da waɗansu ma ke da tasu niyyar, da nasu makaman, a ƙarƙashin hukuncin da ba mai buri ne ke rubuta shi ba. Wannan shi ne darasi na biyu, shi ne kuma rabin da aka ɓoye wa samari.

WANDA YA ZAUNA

Waziri Muhammadu Buhari yana filin Giginya shi ma. Da aka watse ya ja jama'a suka fake a Marnona, nan ya tsaya tsaka mai wuya. Sarkinsa ya yi gabas, amanar da ke wuyansa ta ce ya bi shi. A gabansa kuma ga ɗimbin talakawa da ba su da raƙumi ko guzuri. Ya tara malamai aka yi shawara, aka duba hanya da ƙarancin ruwa da abinci a cikinta, aka duba abin da zai sami addini a ƙasar in duk masu ilmi suka kwashe suka bar ta. Daga ƙarshe aka tsaya kan a komo a yi sulhu na zahiri, muddin ba a hana salla da azumi da sauran shika-shikan addini ba. Waziri ya komo Sakkwato, Gwamna Lugga ya naɗa wani Attahirun, ɗan Aliyu Babba, ran 21 ga Maris.

Abin lura shi ne komowar ba ta kwantar masa da hankali ba. Ya ci gaba da tuhumar kansa, yana tsoron kada ya zama ya sayar da lahirarsa. Ya nemi fatawar Alƙali Ahmadu ɗan Sa'adu, ya kuma rubuta wata risala zuwa ga ma'abota ilmi da tunani, inda ya shimfiɗa dalilansa da damuwarsa ba tare da ya ɓoye ba. Masanin tarihi R. A. Adeleye ya yi nazarin wannan risala a 1968, har yau kuma ana karanta ta a jami'o'i. Da wuya a sami wata takarda a tarihin ƙasar nan da ta nuna faɗan mutum da zuciyarsa kamar ita.

Da za a auna Waziri da mudun masu cewa shakka ce ke kashe buri, da sai a ce ya fāɗi, don shakka ba ta taɓa barinsa ba. Alhali kuwa abin da ya zauna dominsa bai salwanta ba. Makarantun zaure suka ci gaba, alƙalai suka ci gaba da hukunci, littattafan Shehu da Abdullahi da Bello suka tsira a hannun masu su. Ya rasu a 1910, ya bar ɗa ƙarami mai suna Junaidu, wanda aka haifa a 1906. Wannan yaro shi ne ya zama Waziri Junaidu, wanda ya tattara rubuce-rubucen magabata ya tsare su, masu bincike daga ko'ina suka riƙa zuwa zaurensa har ya rasu a 1997.

Malaman Musulunci sun daɗe da sanin irin wannan zuciya. Alƙur'ani ya ambaci rai mai yawan umurni da mugun abu, da rai mai yawan zargin kansa, da rai mai natsuwa, bai kuwa sa na biyun cikin abin ƙi ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kwatanta mutum da gari: zuciya ce sarki, hankali waziri, sha'awa mai karɓar haraji, fushi kuma sarkin dogarai. Bahaushe ya taƙaita ya ce zuciyar mutum birninsa. Garin da ba a jin muryar kowa a fadarsa sai ta mai karɓar haraji, ba zaman lafiya yake yi ba, an dai rufe bakin waziri ne. Muryar nan ta biyu da ke hana saurayi barci, wadda ake ce masa ya kore ta, sau da yawa ita ce ke gaya masa kuɗin da burinsa zai ci.

Wannan fili ba zai yanke hukunci tsakanin wanda ya tafi da wanda ya zauna ba, malamai da masana tarihi sun daɗe suna saɓani a kai. Abin da ya haɗa su ne abin dubawa. Kowannensu yana son abu biyu, kowannensu ya gane ba zai sami duka ba, ya saki ɗaya da saninsa, ya biya. Attahiru ya biya da ransa. Waziri ya biya da barcinsa da kuma bakin mutane. Sarkin Gombe Umaru, wanda ya buɗe ƙofa tun 1902, ya biya da zama ƙarƙashin Razdan, da barin garin kakanninsa, don a zamaninsa ne Turawa suka ɗauke hedkwata daga Gombe Abba zuwa Nafada a 1913, sa'an nan zuwa Doma a 1919, inda garin Gombe na yanzu yake. Ba ɗaya daga cikinsu da ya sami abin da yake so a kyauta, ba kuma wanda ya same shi cif yadda ya zana a ransa.

INDA TAFIYAR TA ƘARE

Labarin Burmi bai tsaya ran 27 ga Yuli ba. Waɗanda suka tsira suka taru a kan ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, suka ci gaba da tafiya a ƙasa, suna yada zango suna noma suna tashi, har suka kai bakin kogin Nilu a Sudan. Can suka kafa gari kusa da Sennar, wanda har yau ake kiransa Mai Wurno, zuriyarsu na nan suna jin Fillanci da Hausa. Alfa Hashim kuma ya kai Madina, ya zauna yana karantarwa, mahajjatan Afirka ta Yamma suna sauka wurinsa. Watau burin Attahiru ya cika wani ɓangare, amma a hannun waɗansu, bayan shekaru, ta hanyar sawun ƙafa da ƙishirwa da kaburbura a gefen hanya. Haka buri yakan cika in ya cika: da jinkiri, da gibi, wani lokaci ma a hannun 'ya'ya.

Masu nazarin halayyar ɗan Adam na wannan zamani sun iso kusa da wannan matsayi ta tasu hanyar. Wata Bajamushiya mai suna Gabriele Oettingen, malama a Jami'ar New York, ta shafe shekaru tana gwada abin da mafarkin ido biyu ke yi wa mutum. A wani bincikenta ta bi ɗaliban da ke gab da gama jami'a, ta komo musu bayan shekara biyu. Waɗanda suka fi yawan shagala da hoton kansu a kan kujerar aiki su ne suka aika takardun neman aiki kaɗan, aka kira su kaɗan, albashinsu kuma ya fi ƙanƙanta. Dalilin da ta bayar mai sauƙi ne. Zuciya in ta ɗanɗani daɗin nasara tun kafin a yi aikin, sai jiki ya saki, kamar wanda ya ƙoshi da ƙanshin miya.

Abin da ta ga yana aiki shi ne mutum ya ambaci burinsa, ya dubi daɗin samunsa, nan take kuma ya juyo ya dubi abin da ke cikinsa wanda zai hana shi, ko kasala ce, ko girman kai, ko tsoron bakin mutane, sa'an nan ya tsara abin da zai yi ranar da abin ya taso. Ta kuma lura cewa wannan awo yana sa mutum ya ƙara himma a kan burin da zai yiwu, ya kuma saki wanda ba zai yiwu ba. Ta tattara wannan a wani littafi da ya fito a 2014. Mai karatu zai ga kusan abin da aka yi ke nan a Marnona, inda aka ƙirga rijiyoyin hanya kafin a yanke shawara.

Ɓarnar wancan wa'azi ba ta tsaya ga ɓata lokaci ba. Na ɗaya, yana ɗora wa talaka laifin talaucinsa. Manomin da fari ya cinye gerorsa, da matar da rikici ya raba da garinsu, da yaron da aka sayar wa wani gurbin aikinsa, duk sai a ce tunaninsu ne bai yi kyau ba, azzalumi kuma ya wanke hannunsa. Na biyu, wanda aka koya wa cewa tambaya alamar raunin imani ce, ya zama naman 'yan damfara. Da shirin MMM ya shigo ƙasar nan yana alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata guda, masu tambayar ina kuɗin ke fitowa su aka riƙa kira masu baƙar zuciya, har ranar da aka rufe asusun a watan Disamba na 2016, ɗimbin mutane suka wayi gari hannu wayam. Boka mai ninka kuɗi ma da sharaɗin nan yake fara karɓar na mutum: kada ka yi shakka.

Garin Gombe kansa ya san yadda buri ke cika. Wurin da aka tare a 1919 ya girma da auduga da hatsi da fatauci, jirgin ƙasa ya iso a 1963. Mutanensa sun daɗe suna son jiha tasu. Aka ƙirƙiro jihohi a 1987 ba su ciki, aka sake a 1991 ba su ciki. Sai ran 1 ga Oktoba, 1996, gwamnatin Janar Sani Abaca ta cire Jihar Gombe daga Jihar Bauchi. Tsakanin so da samu akwai takardun koke, da tafiye-tafiye, da zaman daidaita baki tsakanin Filani da Tera da Tangale da Waja da Bolawa da sauransu, akwai kuma dattawan da suka yi wahalar suka rasu ba su ga ranar ba. Da zama aka yi ana kallon taswira da idon zuci, da har yau ana hanyar Bauchi.

Saboda haka saurayin nan mai takarda a hannu, ikon da yake da shi a kan burinsa na gaske ne, amma yana da iyaka, ya kuwa kamata ya san iyakar. Yana da ikon ya zauna da zuciyoyinsa biyu ya saurari kowace har ta gama. Yana da ikon ya nemi wanda ya fi shi sani, kamar yadda Waziri ya nemi Alƙali, ya ƙirga guzurinsa da nauyin da ke kansa. Yana da ikon ya ajiye taura ɗaya, ya yarda cewa zai yi kewarta, in Tudun Hatsi ya zaɓa ya haƙura da dariyar abokan karatu, in tafiya ya zaɓa ya haƙura da hawayen tsohuwa. Yana da ikon ya sa rana, ya tashi, don zomo ba ya kamuwa daga zaune. In shakka ta biyo shi bayan ya tashi, kada ya ɗauka ya ɓata hanya, waɗanda suka fi shi sun tafi da ita har kabari.

Abin da ya rage bayan wannan ba a hannunsa yake ba, duk kuwa wanda ya ce masa a hannunsa yake, to akwai abin da yake so ya sayar masa. Wanda ya sami sarari ya bi hanyar Bajoga, ya ratsa ya tsaya a kufan Burmi, ya yi wa mamatan addu'a, sa'an nan ya tuna cewa a can bakin Nilu akwai gari mai ɗauke da sunan ɗan mai kabarin. Allah ya sa a dace.